Barka da Sallah daga Baltimore, Amurka

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Daga idi aji na wuce da babbar rigata, ana ta kallona, don yau a nan ranar aiki ce kamar kullum.

Baba, ka sha tambayata wace irin makaranta ce ta riƙe ni haka. To jami'ar Johns Hopkins ba ta gwamnati ba ce. Sunan wani attajiri ne da bai taɓa aure ba, ya rasu a 1873 ya bar dala miliyan 7, rabi a gina jami'a, rabi asibiti. Aka buɗe ta a 1876 bisa tsarin Jamusawa, inda malami ba ya tsayawa ga koyarwa, sai ya yi bincike. Safar hannu ta roba da likita ke sawa in zai yi tiyata, a asibitinsu aka fara ta. Inna, kin san jar ƙwayar nan da ake yanke wa baki a matse wa yara ranar rigakafi? Bitamin A ce. Wani malamin jami'ar nan ne, Alfred Sommer, ya tabbatar a Indonesiya cewa tana rage mutuwar yara, daga baya ya shugabanci sashenmu na lafiyar jama'a da aka kafa a 1916.

Amma duk ilminsu, ba su san babbakar kai da ƙafa ba! Kuɗin layya na tura wa mahauci ta waya, jibi zan karɓo nama a leda, a daskare, ban ga idon ragon ba. Ba hayaƙi, ba tukunyar suya a tsakar gida, balle Inna ta tsamo hantar farko ta ce in ɗanɗana gishiri. Wallahi ƙaurin nan na babbaka da nake gudu a da, yau da kuɗi zan saye shi.

A gaida Kawu da iyalinsa, da Malam Liman, da mutanen zaure. Yaya, na ga hoton ragon, ka iya zaɓe. Goggo kuwa gaisuwarta daban: a ce mata ɗanta yana cin abinci, bai rame ba, ta riƙa shan maganin hawan jininta, kuma yajin da ta ƙulla min ya kusa ƙarewa, da ƙaramin cokali nake auna shi. Auta, goron sallarki na wajen Yaya, kada ki yarda ya ce bai iso ba.

Zan kira bayan la'asar ɗinmu, ku kun yi isha'i, a sa wayar Baba a caji.

Ɗanku.