Rahoton Ayyukan Shekara: Tallafa wa Sana'o'in Ɗalibai da Kai Bincike Kasuwa

Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu da sauran 'yan'uwa mambobi, assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin kwamitin zartarwa, ina gabatar muku da bayanin abin da ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta gudanar a shekarar da ta gabata wajen tallafa wa ƙannenmu da ke jami'a masu son mayar da karatunsu sana'a. Bayanin shiga da fitar kuɗi yana hannun ma'aji, zai kuma karanta shi bayan nawa.

Mun buɗe shekara da bita. Tun wajajen 2007 darasin koyon sana'a ya zama wajibi a jami'o'in Najeriya bisa umarnin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC), amma mun tarar ɗalibi yana cin jarrabawar darasin da maki mai kyau alhali bai taɓa ganin yadda ake rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni (CAC) ba. Don haka lauyoyi da akantocin da ke cikinmu suka zauna da su a kan rajista, buɗe asusun banki na sana'a, da raba jari da kuɗin aljihu.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne na'urar busar da tumatir da hasken rana, wadda wani ɗalibin sashen injiniyan aikin gona ya ƙera a matsayin aikinsa na kammala digiri. Da rani, lokacin da tumatir ya cika kasuwa har manoma suke yanka shi suna shanyawa a ƙasa, mun ɗauki na'urar zuwa Kwanar Gafan da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya. Wani dattijon dillali ya zagaya ta, ya ɗauki yanka ɗaya ya shinshina, ya yaba cewa babu yashi babu ƙura, sannan ya ce, "Malam ƙarami, kwando nawa take ci a rana?" Ko kwando guda ba ta ɗauka. Ya ƙara tambayar wa zai gyara fankar idan ta lalace a ƙauye, sai yaron ya rasa ta cewa. An ƙera na'urar ne domin ta gamsar da masu duba jarrabawa, ba a taɓa tuntuɓar wanda zai saya ba. Daga nan muka haɗa shi da wani mai walda, suka sake ƙera ta da girma, da kayan da ake samu a kowace kasuwa.

Bayan haka sai maganar mallaka ta taso, wadda a ganin kwamiti ita ce babbar matsalar da muka ci karo da ita. Ɗalibi yana ganin basirarsa ce, malamin da ya duba aikin yana ganin da hannunsa a ciki, jami'a kuma da kayanta aka yi gwaji, amma babu wata rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsu. Dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1970 tana ba da kariya ta shekara 20, sai dai sharaɗinta abin ya kasance sabo, wato ba a bayyana shi ga jama'a kafin a shigar da takarda ba, shi kuwa ɗalibin namu tuni ya ɗora bidiyon na'urar ciki da waje a Facebook saboda murna. NOTAP, hukumar gwamnati mai kula da samowa da bunƙasa fasaha, ta fara kafa ofisoshin kula da haƙƙin ƙirƙira a jami'o'i tun 2006, tana kuma taimaka wa masu bincike wajen neman takardar mallaka, amma ɗalibai ƙalilan ne suka san da hakan. Takardar da muka rubuta muna neman a fayyace rabon kowa ta yi watanni a teburin wani ofishi, har yau muna jele.

Ɗalibai mata masu haɗa yaji, garin kunu da ƙuli-ƙuli sun fi kowa samun ciniki a bana, amma manyan kantuna ba sa karɓar kaya sai da lambar NAFDAC, hukumar kuma sai ta duba wurin da ake sarrafa abincin, wanda ɗakin kwanan ɗalibai ba zai taɓa cika sharaɗinsa ba. Haka nan dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 tana neman cikakken kamfani mai rajista kafin a ci gajiyarta, namu kuwa sunan kasuwanci kawai suke da shi.

Kada wannan ya karya mana gwiwa, domin ko waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samar, an amince da fitar da shi a ƙarshen 2019, amma sai a 2021 ya fara isa hannun manoma ta hanyar kamfanonin iri.

Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya cewa shirin haɗa kowane ɗalibi da ubangida a sana'a bai yi armashi ba, saboda da yawa daga cikin waɗanda suka ɗaga hannu a taron bara ba su sake waiwayarmu ba.

Kwamiti yana neman amincewar wannan taro a kan abu biyu: a nemi jami'a ta ba mu aron ɗaki guda mu gyara shi daidai da sharuɗɗan NAFDAC domin ɗalibai su riƙa aiki bi da bi, sannan a wakilta lauyoyinmu su tsara takardar yarjejeniya da ɗalibi da malaminsa za su sa wa hannu tun kafin a fara bincike. Wassalam.

Sakataren Ƙungiya