Gyaran fata: a duba tukunya kafin a sayi haɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da iyayenmu mata da ƙannenmu, har da samari, na zangunan Kumasi da Accra a kan gyaran fata.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda haɗi, wato man da ake haɗawa don fata ta yi haske, ya cika gari. A Kejetia, a Aboabo, a Nima, har a WhatsApp, ana tallar mai a robobi marasa suna, ana cewa na gida ne, babu sinadari ko ɗaya a ciki. Gaskiyar magana, babu ganye ko mai ko sabulun gida da zai sauya launin mutum cikin mako biyu. Duk wanda ya yi haka, an zuba masa wani abu. Galibi maganin asibiti ne irin su clobetasol ko betamethasone ake matsewa a dama da man kaɗe, wani lokaci sinadarin hydroquinone mai hasken fata, wani lokaci zaiba. Maganin asibitin yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nanƙarwa ta tsage hammata da cinya, ƙuraje da makero su samu wurin zama, in an daɗe kuma ya shiga jini ya taɓa sukari da hawan jini. Hydroquinone bayan dogon amfani yakan bar baƙin tabo a kumatu wanda da wuya ya goge, kuma tun 2016 Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana ta sanar da hana shi a kayan shafawa. Zaiba kuwa ƙoda take ci. Lafiyayyar fata ita ce wadda ba ta ƙaiƙayi, ba ta tsagewa, ba ta ɓarewa, ko baƙa ce wuluk ko wankan tarwaɗa.

Fata tana sabunta kanta kusan duk mako huɗu, kuma da abin da aka ci take wannan aiki. Tana buƙatar abinci mai gina jiki: wake, gyaɗa, agushi, ƙwai da kifi. Busasshen kifin amane da ke kowace kasuwa, wanda wasu ke rainawa, yana da kitse mai amfani da ake kira omega-3, a samu a ci kifi irinsa sau biyu a mako. Tana buƙatar bitamin A, wanda jiki ke samu daga manja, karas, gwanda, mangwaro da ganyaye irin su kontomire, zogale da ayoyo. A nan ake yawan yin asara. Idan aka bar manja a wuta har ya yi hayaƙi ya washe, jan nan da ya tafi shi ne amfaninsa. A narkar da shi a wuta kaɗan, a zuba albasa nan take. Cokali ɗaya zuwa biyu ya ishi tukunyar miyar mutum huɗu.

Bitamin C shi ke taimakon jiki ya haɗa zaren da ke riƙe fata, shi ke sa ciwo ya warke da wuri. Babban mutum yana buƙatar miligiram 75 zuwa 90 a rana. Gwaiba ɗaya ta wuce haka, lemun zaƙi ɗaya ya kusa kaiwa. Zafi da kanwa suna kashe shi, don haka ganye a zuba shi a ƙarshen girki, minti biyar a sauke. Mun san miyar ayoyo da ta kuɓewa ba su yauƙi yadda ake so sai da kanwa, to a sa ɗan mitsitsi, a kuma ci ɗanyen abin marmari a gefe.

Wanda abincinsa masara ce safe da rana da dare, daga koko sai banku sai dokunu, babu kifi babu gyaɗa, yana iya rasa bitamin B3. Alamarsa fatar wuya da bayan hannu, inda rana ke duka, ta yi baƙi ta yi kaushi. Mai ba ya maganin wannan. Gyaɗa cikin tafin hannu a rana, ko ƙuliƙuli, ko kifi, su ne maganinsa.

Sai sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, wato ƙaramin cokali 12. Kwalbar lemo ɗaya ta mililita 330 tana ɗauke da kusan cokali takwas, ba a lissafa na koko da na sobolo da na shayi ba. Ga wasu mutane yawan zaƙi yana hura ƙurajen fuska. Mai fama da su ya rage rabi na tsawon mako takwas ya duba bambanci, kwana uku ba ya nuna komai.

Mu zo ga wanka. Sabulun salo, wanda ake kira alata samina a nan, sabulu ne mai kyau, da tokar ɓawon kokon cakulan ko na ayaba da mai ake yin sa. Amma yana da kaifi. Saman fata yana da ɗan tsami-tsami da ke kare shi daga ƙwayoyin cuta, tokar kuwa kishiyar wannan tsamin ce. Shi ya sa masu dirza shi a fuska sau uku a rana suke ƙarewa da raɗaɗi da ɓarewa, sai su ɗauka datti ne ke fita. A gutsuro kamar girman gyaɗa ɗaya, a murza a tafin hannu da ruwa har ya yi kumfa, kumfar kawai za ta taɓa fuska, domin a cikin curin akwai burbushin toka da ke kartar fata. Rabin minti ya isa, a ɗauraye, sau ɗaya a rana. In bayan wanka fuska ta ɗaure tana ja, sabulun ya yi yawa, a koma kwana ɗaya a tsallake ɗaya. Soson raga na jiki ne, ba na fuska ba, kuma a shanya shi ya bushe bayan kowane wanka. Ruwa ya zama mai ɗumi, tafasasshe yana kwashe maiƙon da fata ta yi wa kanta.

Man kaɗe da ake kawowa daga Tamale, Wa da Bolgatanga ya wadatar da yawancin mutane, ko a tsakiyar hunturu lokacin da jiki ke yin furu-furu, diddige ta yi faso. Mai kyau launinsa ruwan madara ne ko ɗan rawaya, yana ƙanshin gyaɗar kaɗanya da ɗan hayaƙi, yana narkewa a tafin hannu. In yana warin tsami ko na tsohon mai, ya lalace. Ga yadda ake sassauta shi ya yi daɗin shafawa. A auna cikin gwangwanin madara ɗaya na man kaɗe da babban cokali uku na man kwakwa ko man riɗi. A sa a busasshen kwano, a ɗora kwanon a cikin tukunyar ruwan zafi, kada ya hau wuta kai tsaye don yana ƙonewa. Da ya narke duka a tace da tsumma mai tsabta, a sa a firji minti 30 zuwa 40 har gefensa ya fara daskarewa, sannan a buga da cokali ko maburgi minti goma, a juye a kwalba mai murfi.

Abu biyu ke ɓata wannan haɗi. Idan aka bar shi ya huce a hankali a ɗaki, sai ya yi tsakuwa-tsakuwa, gyaransa a sake narkarwa a sanyaya da sauri. Na biyun ruwa ne. Ko jiƙaƙƙen yatsa aka riƙa sawa, zai yi fumfuna. Mai zalla yakan yi watanni a inuwa, amma da zarar an zuba ruwan alobera ko madara ko ruwan kokwamba, ya zama na firji, kuma kada ya wuce kwana uku. Lokacin shafawa shi ne cikin minti uku bayan wanka, jiki da sauran danshi, domin aikin mai shi ne tsare ruwan da ke jikin fata. Mai maiƙon fuska ya bar man kwakwa a jiki kawai, yana toshe ƙofofin gashi. Ga faso, a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma da dare, a goge da dutsen kaushi a hankali, a shafa mai da kauri a sa safa.

Wasu kayan girki ba su da hurumi a fuska. Lemun tsami tsaminsa ya fi ƙarfin fata, kuma in rana ta daki wurin da ya taɓa, yana iya tashin bororo ya bar tabon da zai yi watanni. Tafarnuwa tana ƙuna, haka man goge baki da bakar hodar girki. Dirza sukari ko gishiri a kan ƙuraje yana fasa su, a baƙar fata kuwa duk inda ya kumbura tabo yake bari, tabon da kan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya dushe. Amarenmu su yi hattara da baƙin lalle, rinin gashi ake zuba masa, yana iya kumbura hannu ya yi ruwa. Jan lalle na ganye shi ne mai aminci. Mai son abin shafa wa fuska, ƙaramin cokali ɗaya na zuma da babban cokali ɗaya na kindirmo marar sukari ya isa, minti goma, sau ɗaya a mako. Kowane sabon abu a fara gwada shi a cikin dantse, a jira kwana biyu.

Akwai kuma inda kayan gida ba su kaiwa. Makero, ƙyasfi da ƙazuwa magani suke so, ƙazuwa ma duk gida ake yi wa magani a tare. Tabon da ya yi haske kuma ba a jin taɓi a wurin, da gyambon da ya wuce mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, musamman ga mai ciwon sukari, na asibiti ne. Wadda ta daɗe tana shafa haɗi kada ta yanke shi dare ɗaya, fuska takan yi ja ta feso da ƙuraje. Ta ɗauki robar ta je wurin likitan fata a asibitin Komfo Anokye ko Korle Bu, ko asibitin da ya fi kusa, a tsara mata yadda za ta rage a hankali.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan jinya da masu sana'ar sabulu da man kaɗe,
Aboabo, Kumasi.