Ɗakin da ke ƙamshin ruwan farko

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan mutanen da suka koma gidajensu bayan ambaliya, kuma duk maganar a kan funfunar bango ta tsaya. Akwai wani abu da ido ba ya gani, shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Bayan madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, gidan yayata da ke unguwar Gwange a Maiduguri ya kwana cikin ruwa har zuwa taga. Da ruwa ya janye aka kankare laka, aka wanke bango, mai fenti ya shafe komai fes. Wata uku bayan haka na kai ziyara, ina shiga ɗaki na ji wannan ƙamshin da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka. A tsakiyar hunturu fa! Ita yayar tawa daɗin ƙamshin ma take ji. Ƙaramin ɗanta kuwa kullum dare sai tari.

Ni aikina a ɗakin gwaje-gwaje ne, don haka na san mai wannan ƙamshi. Bakteriya ce ta cikin ƙasa da ake kira Streptomyces, kuma ita ke fitar da geosmin, sinadarin da ke ba da wannan ƙamshi. A gona halal ɗinta ne, daga irinta ma aka samo streptomycin, maganin tarin fuka, a 1943. Amma idan ta yi gida a cikin filasta, silin ɗin kwali ko ƙarƙashin kafet, alama ce cewa danshi ya daɗe a wurin. Masu bincike a Finlan sun daɗe suna ɗaukar ta a matsayin shaidar ginin da ruwa ya ɓata.

Gano ta sai da haƙuri. Ana ɓanɓaro ɗan filasta ko a goga auduga a bango, a shuka a farantin gwaji. Sauran ƙwayoyi kan fito cikin kwana ɗaya ko biyu, ita kuwa takan kai sati biyu, sannan ta fito busasshiya kamar an barbaɗa garin alli. A madubin bincike tana da zare-zare irin na funfuna, shi ya sa sabon hannu ke ruɗewa. Tantance ainihin nau'inta kuma sai an duba ƙwayar halittarta.

Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta zama a gida mai danshi da tari da asma. Saboda haka ina roƙon sassan nazarin ƙananan halittu na jami'o'inmu su tura ɗalibai su ɗebo samfur daga gidajen da ruwa ya ci, tunda ga aikin kammala digiri a ƙofar gida. Yayata dai mun cire mata kafet, mun fasa filastar ƙasan bango, an bar tagogi a buɗe har bulo ya bushe kafin a sake shafe.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Maiduguri