Edita, ba kowane saɓani ne rikici ba

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan sammin fili, ƙorafi ne dani akan yadda kanun labaranmu ke maida kowane saɓani rikici, amma sai na ɗan zagaya kafin in iso kansa, ayi haƙuri dani.

Ni ma'aikacin jinya ne anan Gombe, karatun kuma a Sebu na yi shi can ƙasar Filifin, shekara huɗu cur. Mutanen wajen ba Tagalog irin na Manila ne yarensu ba, nasu Sebuwano ne, su kuma Bisaya suke ce masa, kuma ba ƙaramin yare bane don masu yinsa sun kai wajen miliyan 20, daga tsibirin Sebu da Bohol har yawancin Mindanawo. Karatu da turanci ake, amma in kana so majinyaci ya gaya maka inda ke masa ciwo toh dole ka koyi Bisaya ko kana so ko baka so.

Watana biyu da zuwa aka yi bikin jikar matar da nake haya a gidanta, dattijuwa ce, Manang muke ce mata, wato kamar kace babbar yaya. Sai gata a ƙofar ɗakina da faranti, shinkafar nan tasu da ake dafawa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa, puso, a gefe kuma lechon, gasasshen alade kenan wanda Sebu ta yi suna a kansa. Ni kuma a lokacin kalma ɗaya na riƙe da kyau, dili, wato a'a. Nace dili na ja ƙofata, a ganina ma na burge tunda na yi yaren. Toh daga ranar shikenan, matar da kullum da safe sai ta ƙwala min kira Dong, haka suke kiran saurayi, ta daina. Bata zage ni ba, bata ɗaga murya ba, in na fito sai ta sunkuyar da kai kan shararta kamar ba mutum ne ya wuce ba, har kwana uku.

Na tare ɗanta nace nasuko? wato ta yi fushi ne? Yayi dariya yace dili, nahiubos. Yace suko shi ne fushin da ake gani a fuska a ji a murya, wannan kuwa daban, ubos ƙasa ne a yarensu, ji ta yi na saukar da ita ƙasa, ban ɗauke ta a bakin komai ba. Ba ƙin cin ne ya dame ta ba, jan ƙofar ne ba bayani. Nace toh me ya hana ta gaya min? yace naikog. Wallahi Edita da ya gama bayanin ikog sai naji kamar a Pantami nake zaune, don jin nauyi ne sak, irin wanda zai hana ka tambayi surukinka bashin da kake binsa, ba tsoro bane kuma ba kunya bace kai tsaye, kunya ulaw suke ce mata. Mu da muka tashi cikin Fulani ai mun san wannan, fulako da kara da kawaici, mutum yana ƙonewa a ciki yana ce maka ba komai.

Akwai kuma wadda tafi burge ni, mangluod. Ita wannan ba a yinta da bare, sai wanda kake so kuma ka san yana sonka, ka zumɓura baki ka ƙi cin abinci kana jira a zo a lallashe ka. Yin zuciya kenan irin na yaro, ko matar da ta juya maka baya don ka manta alkawarin atamfar sallah, in abin ya yi nisa a wajenmu ya zama yaji. Maganinta lallashi, in ka tsaya kawo hujja ka ƙara ɓata lamarin. Sai nalain, wanda magana ta sosa masa rai, shi yasa kafin su faɗa maka gaskiya mai ɗaci sai su fara da ayaw kalain, kar ka ji haushi fa. Wanda ya tashi da ƙunci ba dalili kuwa gisapot ne, a ɗakin majinyata mun sha jinta akan wata sista in ta kwana aiki. Abin dariya, kalmar suko ɗin nan in kaje Manila miƙa wuya take nufi, ƙasa ɗaya fa.

Haka wajen saɓani, hawa hawa ne. Dili ko uyon, ban yarda ba, ra'ayi ne kawai ya bambanta. Supak ka ƙi abu ka tsaya akan ƙinsa. Lalis gardama ce, irin ta ƴan ƙwallo a teburin mai shayi. Sai an kai away ne ake faɗa, kagubot kuma shi ne hargitsi na gaske wanda ake rufe shago a gudu. Kuma suna da husay, sasanci, tun 1978 dokarsu ta ce ƙananan rigingimun maƙwabta sai an fara kai su gaban shugaban barangay, kamar mai unguwa a wajenmu, kafin a je kotu.

Toh ga ƙorafin nawa. Jaridunmu na Hausa da gidajen rediyo da masu shafuka a Facebook duk kun haɗu kun maida komai abu biyu, rikici da caccaka. Malami yace shi a fahimtarsa ba haka bane, gobe sai kaga an rubuta ya caccaki wane. Ɗan majalisa ya nemi a sake duba kasafin kuɗi, rikici ya ɓarke a majalisa. Kwanaki a majalisarmu ta bayan isha'i wani ya karanto mana kan labari wai wani malami ya yi kaca-kaca da wani, nan take aka rabu biyu har wani ya tashi ya bar shayinsa, da muka nemo bidiyon muka saurara bawan Allah cewa kawai yayi ina girmama shi amma ni ban tafi akan haka ba. Dili ko uyon kenan fa, aka sayar mana dashi a matsayin away.

Kuma ba rashin kalmomi bane, Hausa ma ta fi ƙarfin haka. Saɓani daban, musu daban, gardama da jayayya da sa-in-sa da cacar baki da ka-ce-na-ce kowacce da nauyinta, kakata bata taɓa shiga aji ba amma bazata ce maka ana faɗa ba alhali musu ake. Na san ana neman a danna labari a karanta, abinci ake nema ban ƙi ba, amma mu a wannan yanki kalmar rikici ba abin wasa bace, wanda ya ga rikicin Tafawa Ɓalewa a 1991 ko na Billiri a 2021 in yaji ance rikici ya ɓarke gabansa ne ke faɗuwa ya fara kiran ƴan uwa a waya. Roƙona ku zauna da masu rubuta muku kanun labarai, in musu aka yi a rubuta musu.

Af, ban ƙarasa labarin Manang ba. Ɗan nata ne ya koya min abinda zan ce, na sayo mangwaro kilo biyu na same ta tana wanki nace pasayloa ko Manang, ki yafe min, nayi mata bayanin cewa ni musulmi ne bama cin alade. Ta dafe ƙirji tace me yasa ban faɗa ba tun farko, ita ce ma ta koma bani haƙuri. Sati bai zagayo ba ta sayo sabon kasko ta ɗaura masa jan ƙyalle a hannu, tace wannan na kifin Dong ne kar wanda ya taɓa, dashi ta riƙa soya min kifi har na bar gidan.

Naku,
mai karatu daga Pantami, Gombe