Me Zai Hana Masu Kakakinmu Su Sami Ranarsu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Hotunan hawan Daushe da ake ta yaɗawa bana sun sa na ɗauki alƙalami. Kowa dawaki da rawuna yake ɗauka. Masu busa kuwa sai dai ka hango bakin kakakinsu a gefen hoto.

Ina ɗalibi a Belgired, zamanin ana ce wa ƙasar Yugoslabiya, wani abokin karatuna ya ja ni ƙauyen Guca da ke yammacin Sabiya. Tun 1961 ake tara mabusan kayan tagulla a can duk shekara. Da ƙungiyoyi huɗu kacal aka fara, a harabar coci. Yau a watan Agusta dubban ɗaruruwan baƙi ke cika garin, gwanin gwanaye kuma ya tafi da kyautar Kakakin Zinariya. Da burodi da shayi na wuni, don gasasshen alade da giya sun cika ko'ina. Amma busar, Malam! Mutum ya kafa maka bakin begila a kunne har sai ka manna masa kuɗi a goshi. Na ce ashe har Turawa sun san liƙi.

Abin da ya tsaya mini a rai yaran ne. Na ga ɗan shekara goma sha biyu kumatu sun kumbura, ubansa na bayansa yana gyaɗa kai. Yaron ya san akwai filin da za a gwada shi baɗi.

Kawuna mabushin kakaki ne, shekara da shekaru yana busa a ƙofar fada daren Juma'a. Da ya rasu, cikin 'ya'yansa shida babu wanda ya gada. Kakakin na nan a rataye a zaure, gaɓarsa ta tsakiya ta lotse, mun rasa maƙerin da zai gyara.

Na san za a ce kakaki ba a busa shi sai ga sarki. Gaskiya ne, shi ya sa roƙona yake ga masu martaba. Su ware rana guda a shekara, a ƙofar fada, mabusan Kano, Katsina, Zazzau da Damagaram su haɗu a gabansu, a sa gasa har ta yara, a kira maƙera su baje kolinsu. In an sa ranar, ni zan kawo na kawu a duba mini shi.

Naku,
Tsohon injiniya, Tudun Wada, Zariya