Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan gidan da yake shirin saya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Mahaifiyarka ta gaya mini ka sami gida a nan Kano, dillali kuma ya matsa maka lamba ka ba da kafin alƙalami kafin Juma'a, wai akwai wani Alhaji da ke tafe da kuɗinsa a hannu. Wannan Alhajin tun ina saurayi dillalai ke cewa yana tafe, har yau bai iso ba. Kada ka tura ko sisi tukuna.

Abin da ya sa na ɗauki biro maimakon in kira ka a waya shi ne ta ce gidan na gado ne, kuma babban ɗan mamacin ne kaɗai ke magana da ku. Girman shekaru bai ba shi ikon sayar da haƙƙin ƙannensa ba. Gidan gado, tun daga ranar da mai shi ya rasu, na magada ne duka: matar tana da tumuninta, 'ya'ya mata suna da rabonsu, har ƙaramin da ke firamare yana da nasa. Ka ce a kawo maka sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ka tambaya mata nawa ya bari, ko akwai 'ya'yan wadda suka rabu da ita tuntuni. Galibi a nan rigima ke ɓoye: 'yar da aka aurar Zinder ko Legas, wadda ba wanda ya tuna da ita sai ranar da ta dawo ta tarar da baƙo ya sa sabon ƙyaure.

Ka kuma tuna karatunka na Risala, babin shuf'a. Idan wani cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa na da ikon ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓe kason. Wanda ke gari ya sani ya yi shiru, haƙƙinsa na faɗuwa bayan shekara, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa ko ya daɗe bai dawo ba. Saboda haka hanya mafi aminci ita ce a kai rabon gaban alƙali, kotu ta tabbatar da magada, ta naɗa wa marayu ƙanana waliyyi, cinikin ya bi ta hannunta, ka fito da takardar kotu. In sun ce kotu ɓata lokaci ce, to kowane baligi ya sa hannu da kansa a gabanka, matan ma haka, ba wai yayansu ya sa musu ba. Ni dai na fi son ta kotun.

Sai maganar takarda. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da ake ba mutum izinin zama ne, kuma takardar shaidarsa, wadda ake cewa C of O, shekara 99 aka saba rubutawa ga gidan zama. Dokar ta ce mai wannan izini ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Mutane da yawa sukan karɓi takardar da sunan tsohon mai gida a jiki, su sa ta a ƙarƙashin katifa, su ɗauka an gama. A littafin gwamnati kuwa gidan na mamacin ne har yanzu. Ka ɗauki lauya naka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya je KANGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen jihar Kano, da lambar fayil ya bincika: sunan wa ke ciki, an jinginar wa banki ko ba a jinginar ba, kuɗin ƙasa na shekara nawa ake bi. Sannan ya rubuta takardar miƙa mallaka, a biya harajin hatimi, a nemi amincewar gwamna, a yi rajista da sunanka. Wannan duk kuɗi ne, ga la'adar dillali ga ladan lauya, don haka kada ka zuba duk abin da ka tara a kan farashin gida kaɗai.

Idan kuwa awon igiya ne, babu komai sai takardar mai unguwa da ta dagaci, ban ce ba ya sayuwa ba, unguwanni da yawa a haka suka tashi. Amma ka saya da farashin awon igiya, ka sa safiyo ya auna, ka tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ko hanya ta bi ta kansa a taswira, ka fara neman takardar gwamnati tun da wuri. Ka ga rusau ɗin da aka yi a watan Yunin 2023, a filin idi da wajen otal ɗin Daula. Cikin waɗanda abin ya shafa har da masu takardun gwamnatin da ta gabata. Filin da asalinsa na makaranta ne, ko maƙabarta, ko gefen badala, ka bar shi ko da hatimi goma ne a takardarsa.

Gidan kansa, kada ka yarda da hoton waya. In so samu ne a gan shi a watan Agusta, tsakiyar damina, jim kaɗan bayan an yi ruwan sama. In ba zai yiwu ba, zan je in duba gindin katanga. Sabon fenti da ya tsaya iya gwiwa yana nufin akwai abin da aka rufe, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji filasta na amsawa kamar ƙwarya. Zan duba inda kwata ke fita, da bashin wutar da ke kan mita, in kuma yi sallar la'asar a masallacin layin. Abin da maƙwabta za su faɗa mini a bakin masallaci ba ya cikin fayil.

Ranar biya, ta banki za ka biya, cikin asusun da aka rubuta a yarjejeniya, ba asusun dillali ba, ka kuma rubuta dalilin turawar. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta haura naira miliyan 5 ba ta banki ba. In kuɗin bai cika ba, ka san ana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci zuwa asusun gidaje na ƙasa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma na ba da rance daga ciki da ruwan kashi 6, a biya har tsawon shekara 30. Ka san ra'ayina a kan ruwa. Ka fara jin tsarin bankunan da ba sa ta'ammali da shi, irin su Jaiz, ka lissafa jimillar abin da za ka biya a ƙarshe, ba na wata-wata kawai ba.

Akwai wata maganar da mahaifiyarka ta faɗa a taƙaice, ni kuma ba zan bar ta ta wuce ba. Ta ce maiɗakinka ta sayar da gwal ɗinta ta haɗa maka. Ku zauna ku tsayar: rance ne, kyauta ce, ko tarayya? In tarayya ce, sunanta ya shiga takarda da adadin kasonta. In rance ne, a rubuta da shaidu biyu. Idan ta Allah ta kasance babu rubutu, tumuni kawai za a miƙa mata, gwal ɗin kuma ya narke cikin rabon wasu, har da ni da mahaifiyarka in muna raye. Ba na son cin wannan. Haka in wata rana ka yi niyyar ba ta gidan ko ba wani cikin yaran, faɗa da baki ba ya isa. Kyauta ba ta cika sai an karɓa an riƙe tun kana da rai da lafiya, in ba haka ba ta koma gado, wasiyya kuwa ba a yi wa magaji, ba ta kuma wuce sulusi.

Ka ɗauki hoton takardar gaba da baya ka turo wa ƙaninka, tare da sunan layin. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zai kai ni a babur. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Mahaifinka.