Wasiƙa: A daina karanta mana rabin Karin Magana 31

Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Don Allah a ɗan samma mini fili, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai. Ni Kirista ce, uwar yara huɗu, kuma na gaji da wannan jan igiya da ake yi da mu, masu wa'azi na ja ta nan, masu rajin 'yancin mata da ake ce wa 'yan feminis na ja ta can, kowa na cewa sai ki zaɓi ɗaya, ko ki zama mace ta gari mai biyayya ko ki zama wayayya mai 'yanci, kamar dai ba zai yiwu mutum ya riƙe Littafi Mai Tsarki a hannu kuma ya tambaya wa zai wanke kwanuka ba.

Abin da ya tunzura ni shi ne wa'azin ranar iyaye mata da ya wuce. An kira mu mun miƙe, aka tafa mana, fasto ya buɗe littafin Karin Magana na Littafi Mai Tsarki, sura 31, kamar kowace shekara, mace tagari wa zai same ta, ta fi lu'ulu'u daraja, tana tashi tun da sauran duhu. Muka ce amin. Aka tashi, maza suka tsaya hira a bakin ƙofa, mu da aka gama yi wa tafi muka koma kwashe kujeru da goyo a baya. A gefena kuma akwai wata 'yar'uwa da ta haura shekara goma da aure Allah bai ba ta haihuwa ba, da aka ce uwaye su miƙe ta zauna ta sunkuyar da kai tana ta juya takardar waƙa a hannu, ni kam tafin nan bai shiga kunnena ba.

Na dawo gida na zauna na karanta surar tun daga farko, abin mamaki ashe rabi ake ba mu. Tun aya ta farko ma an ce maganar da uwar sarki Lemuwel ta koya masa ce, wato koyarwar mace ce ke nan ake karantawa a kan mumbari, amma ba a cika faɗa ba. Matar nan kuma ba a ɗaki take zaune ba fa. A aya ta 16 ta duba gona ta saya, ta dasa inabi da ribar hannunta, a aya ta 24 tana ɗinka tufafi tana sayar wa fatake, ga barori mata da take raba wa aiki, ma'ana ba ita kaɗai ke ɗaukar komai ba. To sai aya ta ƙarshe, ta 31, wadda ni ban taɓa jin an tsaya a kanta ba, inda aka ce a ba ta daga amfanin hannunta. A BA TA. Ba a ce a tafa mata sau ɗaya a shekara ba.

Kuma tsakani da Allah wannan ai ita ce maganar da wasu 'yan feminis ɗin suka yi ta yi tun shekarun 1970, lokacin da su Selma James da Silvia Federici suka tayar da gangamin neman a ɗauki aikin gida a matsayin aiki mai lada. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 cewa kashi 76 cikin ɗari na aikin kula da gida da yara da marasa lafiya wanda ba a biya, mata ne ke yin sa a duniya, ninki uku na abin da maza ke yi har da ɗoriya. Ba sai an nuna mini rahoto ba ma, na san wanda ke tashi ƙarfe biyu na dare in jikin yaro ya yi zafi. Ban ce mijina ya riƙa biya na albashi ba, abin dariya ne wannan, amma a ce wai ba na aikin komai don ina gida, wannan kam cin fuska ne, kuma daga bakin 'yan coci na fi jin sa.

Su ma masu rajin ina da ƙorafi a kansu, kar a ce na ɗauki gefe. Akwai ra'ayin da ya taso tun daga Simone de Beauvoir ta Faransa a 1949 mai kallon ciki da raino kamar tarko ne da aka ɗana wa mace, har yau kana jin ƙamshinsa a intanet, yarinya ƙarama ta ce miki kin kashe rayuwarki don kin ajiye aiki shekara uku kin yi raino. Haba. Ni na zaɓa, da hankalina, kuma ban taɓa yin abin da ya fi shi nauyi da daɗi ba. A kan zubar da ciki ma ni da yawancinsu hanyarmu ba ɗaya ba ce, ba zan ɓoye ba. Amma rashin jituwa a abu biyu ba zai sa in ce duk abin da suka faɗa ƙarya ne ba, ko maƙiyinka in ya ce rigarka ta yage ai sai ka duba.

Wani abin da masu cewa feminisanci aikin shaiɗan ne ba su sani ba, ko sun sani suna yin shiru, shi ne a cikin coci aka soma abin. Taron farko na neman haƙƙin mata a Amurka, na Seneca Falls a 1848, a ɗakin sujada na 'yan Wesley aka yi shi, kuma Elizabeth Cady Stanton da ta ja gaba 'ya'ya bakwai ta haifa, ko da yake daga baya ta yi ta sukar coci sosai, wannan ma gaskiya ce. A Niyu Zilan, ƙasar da ta fara ba mata damar zaɓe a 1893, Kate Sheppard ta yi yaƙin ne ta ƙungiyar mata Kirista masu yaƙi da shan giya, don sun ga yadda giya ke cinye kuɗin abincin yara. Uwaye ne masu zuwa coci, abin da suke gani a gidajensu ya fito da su.

Bari in koma kan 'yar'uwar nan da ta zauna, don ita ce ta hana ni barci. Ita kanta ranar iyaye matan da muke yi, wadda ta kafa ta, Anna Jarvis, ta fara ne a wata cocin Methodist a 1908 don tunawa da mahaifiyarta, kuma ita ba ta taɓa aure ba balle haihuwa. Debora da ta yi wa Isra'ila shari'a an kira ta uwa a Isra'ila a Littafin Mahukunta sura 5, duba ka gani ko an lissafa mata ɗa ko ɗaya. A Luka 11 wata mata ta ɗaga murya a taro tana sa albarka ga cikin da ya ɗauki Yesu da nonon da ya sha, shi kuwa ya ce albarka ta fi tabbata ga masu jin maganar Allah su kiyaye ta. Kuma da Marta ta kawo wa Yesu ƙarar ƙanwarta... to ban tabbata wace ce babba ba ma, 'yar'uwarta dai Maryamu, cewa ta bar ta da hidima ta je ta zauna tana sauraro kamar almajiri, bai kore ta zuwa madafi ba, cewa ya yi ta zaɓi rabo mai kyau. Na san za a jefo mini wasiƙar manzo Bulus, 1 Timoti 2:15, mai maganar tsira ta wurin haihuwa, aya ce mai wuya, malaman tauhidi sun daɗe suna kai-komo a kanta, amma Bulus ɗin nan dai shi ne ya yaba zaman rashin aure a 1 Korintiyawa 7, kuma shi ne ya ce a Galatiyawa 3:28 ba namiji ba mace a cikin Almasihu. Ba za a gina darajar mace kacokan a kan mahaifa da aya ɗaya ba. Mercy Amba Oduyoye, malamar tauhidi 'yar Gana da ta kafa da'irar mata masu nazarin tauhidi na Afirka a 1989, ita ma ba ta haihu ba kuma ta yi rubutu a kan zafin abin, ga shi ɗalibanta sun cika nahiya.

Haka Afisawa 5. Kowane ango ya haddace aya ta 22, mata ku yi biyayya, amma ta 21 da ke samanta mai cewa ku yi wa juna biyayya sai ka ce an goge ta, ta 25 kuma da ta ce miji ya ƙaunaci matarsa har ya ba da ransa, to malam, ba a ma kai ga rai ba tukuna, karɓi jaririn nan awa ɗaya in runtsa.

Roƙona ga fastocinmu da ke karanta wannan jarida, shekara mai zuwa in za a buɗe sura 31 a karanta ta har ƙarshe, kuma kar a ce uwaye kaɗai su miƙe. Kujerun kuma maza su kwashe, mu za mu tsaya hira a bakin ƙofa mu ga yadda abin yake.

Na gode Malam Edita.

Taku,
Wata uwa mai karanta jaridarku